Ranar da Muka Kashe Tsohon Zango

Abubuwa da yawa sun same ni a wurin aiki waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da muka kashe tsohon zangon wifi a gindin bishiyoyin dalbejiya, wannan kam ina jin ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ni mutum ne mai tsoron yanke magana, ga shi ko yanzu sai da na ce "ina jin". To bari in janye shi: wannan rana ba zan manta da ita ba.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba. Na samu gurbin gwaji, abin da muke kira sitaj, a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a gefen garin Garwa, a ofishin da ke kula da na'urori da rezo, wato hanyar sadarwar intanet. An gaya mini tun farko cewa idan shugaban ofishin ya gamsu da ni za a ɗauke ni aiki, idan kuwa bai gamsu ba, sai in koma rumfar mahaifina a kasuwa in ci gaba da auna yadi. Ba wai na raina auna yadi ba ne, da shi aka ciyar da ni, kuma da shi kakanninmu suka zo garin nan daga Kano. Amma na san irin kallon da tsoho zai yi mini idan na dawo da takardar digiri a hammata.

Shugaban namu, wanda kowa ke ce wa Shef, Bafillace ne haifaffen Garwa da ya yi karatu a ƙasar waje. Mutum ne mai tsafta da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba azzalumi ba ne, ina so a riƙe wannan. A ofis Faransanci yake yi, sai in zai zolaye ni ya juya Hausa. Shi ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, domin ko tambayata ya yi ko an kawo wuta, sai in ce wataƙila an kawo, bari in duba. Yakan ce ranar da za a ɗaura mini aure ma, in liman ya tambaya, wataƙila zan ce.

A shekarar aka kawo sababbin na'urorin wifi aka kakkafa a azuzuwa da ɗakin karatu da farfajiya. Ga wanda bai sani ba, wifi ma zango gare shi kamar yadda rediyo yake da gajeren zango da matsakaici. Akwai tsohon zango, na biyu da ɗigo huɗu, wanda yake tafiya nesa yana ratsa bango, amma hanyarsa ƙunci gare ta, in mutane suka yi yawa sai ya koma tafiyar hawainiya. Akwai kuma sabo, na biyar, mai faɗi da sauri, sai dai ba ya nisa. Sababbin na'urorin suna iya watsa duka biyun. Matsalar ita ce ba kowace waya ke ganin sabon ba. Ƙananan wayoyi masu araha, da tsofaffin da ake saye hannu na biyu a kasuwa, da yawansu tsohon kaɗai suka sani.

Ma'aikatan da suka zo daga Duwala suka kafa na'urorin sun ba Shef shawara ya kashe tsohon zango gaba ɗaya. Hujjarsu gaskiya ce: waya mai jan ƙafa ɗaya tana iya tsare hanya ta ɓata wa kowa lokaci, kamar amalanke a kan gadar Binuwai. Shef ya karɓi shawarar, ya ce za a kashe kafin makon rajistar jarrabawa. A wannan shekarar kuwa aka fara dokar cewa ba a rajista da takarda, sai ta rezon makaranta, kuma wanda bai yi ba a cikin makon, ba zai zauna jarrabawa ba.

Na ɗan yi gyaran murya na ce masa wataƙila, ban dai tabbatar ba, wasu wayoyin ɗalibai ba za su hau sabon zango ba. Na nuna masa allon kwamfutarmu inda ake ganin wayoyi da yawa a kan tsohon. Ya yi dariya ya ce waya ma kasala gare ta, in ta ga tsohuwar hanya a buɗe sai ta lafe a kanta, amma in aka rufe dole ta koma sabuwa. Wannan ma gaskiya ne a kan wasu wayoyin. Duk da haka, don ya kwantar mini da hankali, ya ce zai gwada da kansa. Ya aika wa wakilan azuzuwa, waɗanda muke kira delege, cewa gobe zai zaga aji aji ya duba wayoyin ɗalibai.

Washegari muka zaga, ina bin sa a baya. Duk ajin da muka shiga, sai delege ya taso da ladabi, 'yan layin gaba su miƙo wayoyi masu sheƙi, kowace ta hau sabon zango nan take. Shef ya ɗaga murya ya tambayi aji ko akwai mai matsala, sai a amsa masa baki ɗaya, wasu da Faransanci, wasu da "jam", wato lafiya lau. Muka koma ofis yana murmushi, ya ce, "Malam Wataƙila, yau dai wataƙilarka ta mutu." Na yi dariya tare da shi. Amma raina bai kwanta ba, domin ban taɓa ganin ajin da kowa yake da sabuwar waya ba, kuma ni kaina ban daɗe da tashi daga irin waɗannan bencuna ba.

Wadda ta warware mini ita ce wata ɗaliba 'yar shekarar farko. Mutanen dutse ne su, Kiristoci daga wajajen Kolofata, da rashin zaman lafiya ya koro su Garwa. Mahaifiyarta tana sayar da gyaɗa da wake kusa da rumfarmu, tun tana ƙarama nake ganinta, kuma Hausarta ta kasuwa ta fi ta wasu 'yan gidanmu daɗi. Ta same ni wajen mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta, ta gaishe ni, ta tambayi Baba, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta rage murya ta ce wai da gaske ne za a canza rezo? Na ce wataƙila. Sai ta zuge jakarta, ba ta ma fito da wayar ba, ta dai karkato mini bakin jakar na leƙa. Ƙaramar waya ce da gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. Na san irinta sarai. Ba za ta taɓa ganin sabon zango ba.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa ranar da Shef ya zo ajinsu. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Haba Yaya. A gidanku in babban baƙo ya zo, tabarmar da ta yage ake shimfiɗa masa?"

Ta ba ni labari cewa tun ana gobe Shef zai zaga, delege ya bi masu manyan wayoyi ya ce su zauna a gaba, wasu ma daga wani ajin aka aro wayoyin, in Shef ya fita a ruga da su aji na gaba kafin ya isa. Ba don a yaudare shi ba ne. Gani suka yi babban mutum zai zo duba su, ba sa so ajinsu ya ji kunya. Su kuma masu irin wayarta suka koma baya suka tura hannu cikin jaka. Na ce to in an kashe fa, yaya za ta yi rajista? Ta ce za ta roƙi wata ta ara mata, in an samu mai bayarwa a makon da kowa ke fama da kansa. Daga nan ta roƙe ni don Allah kar in ambaci sunanta, kar a ce 'yar mai gyaɗa ce ta kai ƙara.

Na koma ofis ina lissafi. In na yi shiru, ita da ire-irenta za su iya rasa jarrabawa, kuma na san abin da shekara guda take nufi ga uwar da ke tara kuɗin makaranta da mudun gyaɗa. In na yi magana, zan ce wa Shef ke nan an yi masa wasa da hankali a gaban idonsa, ni ɗan sitaj, ba shaida, ba sunan wanda ya gaya mini. Na yi kwanaki ina juya abin. Har na je na tambayi mahaifina a kaikaice, ban ba shi cikakken labari ba. Tsoho bai ɗago daga yadin da yake ninkewa ba, ya ce shi dai a kasuwa bai taɓa gardama da mai saye a kan ko yadi yana zuba ba, ruwa yake kawowa a tsoma gefensa a gani.

Da wannan na samu Shef. Na ce ina roƙon alfarma guda: kafin a kashe tsohon zango ko'ina, a bar ni in kashe shi na safiya ɗaya a farfajiyar dalbejiya kawai, inda ɗalibai suka fi taruwa, ba tare da an sanar da kowa ba. In ba abin da ya faru, na yi alkawarin ba zan sake tayar da maganar ba.  Ya ce ya yarda, amma in sani shi ne zai rubuta rahoton sitaj ɗina, kuma ba ya son ma'aikacin da tsoro ke hana shi ci gaba. Na ce na ji. 

Lokacin bazara ne, irin zafin Garwa da kwalta take laushi, ƙarfen ƙofa ya gagari taɓawa. A irin wannan lokaci ba mai zama cikin aji in ba dole ba, kowa yana gindin dalbejiya, a kan benci ko a kan ɗankwali da aka shimfiɗa. Ofishinmu a bene yake, tagarsa tana kallon farfajiyar. Da hantsi ya yi, wuri ya cika, na yi bisimilla na kashe tsohon zango a na'urorin wurin. Ina danna maɓallin ina neman gafarar Allah, don na san akwai wanda yake tsakiyar karatu na yanke masa.

A zatona mutane za su tashi nan take, ko su fara gunaguni, ko wani ya hawo ofis ya yi ƙorafi. Ba ko ɗaya. Kowa yana zaune inda yake, kai a sunkuye, waya a hannu. A allonmu yawan wayoyin da ke kan rezo ya faɗi ƙwarai, na nuna wa Shef, ya ce ai ba kowa ke hawa rezo kullum ba, wasu hira suke, wasu littafi suke dubawa. Ya tsaya a taga da kofin shayinsa, ya ce, "Ka gani? Ko kaza ba ta motsa ba." Ya koma kujerarsa.

Ni na kasa barin tagar. Zuciyata tana ce mini shi ke nan, ka kunyata kanka, je ka kunna ka ba da haƙuri. Amma da na ƙura ido sai na lura da wani abu. Wani saurayi da ke gefen benci yana riƙe da waya, yatsansa ba ya motsi, kallonta kawai yake. Can sai ya miƙe ya yi miƙa, ya ɗauki gorar ruwansa kamar zai je famfo. Bai je famfo ba, ya zagaya bayan ginin ofis. Jim kaɗan wata ta tashi tana gyara mayafi kamar za ta bayi, ita ma ta bi nan. Wani ya ɗauki buta. Ba su tashi tare ba, ɗaya bayan ɗaya suke zamewa, kowa da dalilinsa a hannu, masu manyan wayoyi kuma suna baje ƙafa a wurin da aka bari. Shi ya sa daga sama farfajiyar ba ta nuna ta ragu ba.

Sai na tuna. A bayan gininmu akwai tsohon ɗakin ajiya, kuma a cikinsa akwai tsohuwar na'ura guda da ba a kai ga cirewa ba, mai watsa tsohon zango kaɗai. A wannan wuri ba bishiya ko ɗaya.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na je gaban teburin Shef na tsaya, na ce, "Shef, don Allah taso mu je baya." Ya ce in faɗa masa daga nan. Na ce ba zai faɗu ba, sai an gani. Ya ɗago ya dube ni, ina jin don bai ji wataƙila a maganar ba. Ya ajiye kofin ya biyo ni.

Muka bi ta matakalar baya, muka tsaya a inda za mu gani ba a gan mu ba. Suna nan jingine da bangon ɗakin ajiya, sun yi layi, maza a gefe mata a gefe. Rana ta kusa tsakiya, inuwar bangon ba ta wuce faɗin tafin ƙafa biyu ba, kowa ya manne bayansa da bango, gwiwoyi da hannaye suna cikin rana. Wasu sun ɗora littafi a ka. Ba mai magana da wani, ba mai kallon wayar wani. Na hango ɗalibar nan a can ƙarshe, inda inuwar ma ta ƙare, ta rufe kanta da wayar da gefen zane tana karatu. Kuma ana ta ƙaruwa, wani zai ɓullo da buta a hannu, ya ga mutane, ya ɗan yi turus, sannan ya samu gefe ya raɓa.

Na waiwayi Shef. Na ga dai ya cire tabarau ya goge ya mayar. A nan na yi abin da ban shirya ba. Na sa hannu a aljihu na ciro tawa wayar, wadda tun da na fara aiki ban taɓa ɗorawa a kan tebur ba, kullum da kwamfutar ofis nake fakewa. Na miƙa masa. Ya juya ta, ya shiga wajen neman rezo, ya ga tsohuwar na'urar ɗakin ajiya kaɗai take gani.

"Kai ma?" ya ce. "Ɗan Alhaji guda?"

Na ce ni ma. Na ce da a ce ina aji ranar da ya zaga, da a layin baya zai same ni, kuma da na amsa masa jam kamar kowa.

Ya mayar da idonsa kan layin. Sannan ya faɗi wata magana da Fillanci a hankali, kamar da kansa yake, ma'anarta ita ce shi ma ya taɓa zuwa makaranta da takalmin aro. Ya miƙo mini wayata ya ce in ruga in kunna kafin rana ta kayar da 'yar wani. Na hau matakalar nan da gudu har ina tuntuɓe.

Da la'asar ya kira ni. Ya riga ya yi tunani, ya kawo shawara: za a bar tsohon zango a wuri guda, a kafa rumfa mai kyau da benci a ce nan ne na masu tsofaffin wayoyi, sauran makaranta kuma a koma sabo. Ta fuskar aiki shawarar ba ta da laifi. Da a ce jiya ne, da na ce wataƙila hakan ya yi. Amma na ce masa a'a, ba wanda zai zauna a wannan rumfa. Mutanen da suka zaɓi rana a kan a gane su, ba za su shiga inuwar da aka rubuta wa suna ba. Na ce a bar zangunan biyu su tafi da suna ɗaya, kowace waya ta hau wanda take iyawa, na'ura ta riƙa tura masu ƙarfi zuwa sabo don hanya ta ragu wa tsofaffi. Ta haka mai sabuwa da mai tsohuwa za su zauna benci ɗaya ba wanda ya san na wani.

Ya ce hakan zai rage saurin da ya yi wa hukumar makaranta alkawari, kuma aikin saita shi ba kaɗan ba ne, sai an bi na'ura ɗaya ɗaya ana rage ƙarfi ana raba hanya don kar su yi ta karo da juna. Na ce zan yi. Ya ce kafin makon rajista? Na ce kafin makon rajista, in Allah ya yarda. Ya yi murmushi ya ce wannan dai ba wataƙila ba ce, ya karɓa.

Na yi aikin, da tsani a kafaɗa, gini bayan gini, cikin wannan zafi. Ban ce ya fita ba aibu ba. A makon rajista rezo ya yi nauyi, an yi ta tsaki, wani malami ma ya hawo har ofis ya ce mun mayar da makaranta baya, Shef ya tare shi ban san me ya gaya masa ba. Amma an yi rajista. Ɗalibar nan ta yi tata a gindin dalbejiya, a kan benci, wayarta a cikin jaka tana latsawa. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Sai dai bayan kwana biyu mahaifina ya dawo gida da ƙullin gyaɗa soyayya, ya ce maƙwabciyarsa ta ce a ba ni, ya tambaye ta dalili ta ce babu.

An ɗauke ni aikin. Shekaru sun shuɗe, wayoyi sun canza, yanzu har wani sabon zangon ake magana a kai wanda ya fi na biyar, kuma na san wata rana za a kashe tsohon, don ba abin da ke dawwama. Har gobe ina cewa wataƙila, hali zanen dutse. Amma abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutanenmu ba sa kawo rashinsu gaban babba, sai dai su ɗauki buta su zagaya baya. Don haka duk lokacin da za a kawo sabon abu aka ce mini an tambaya kowa ya ce lafiya lau, nakan yi godiya, sannan in sauka ta matakalar baya in duba ko akwai wanda ke tsaye a rana.